Hoton ƙirji ya nuna ƙullutu: a jira, a sha magani, ko a nemi sikana?

Da zarar likita ya ɗaga hoton ƙirji gaban haske, ya zagaye wani farin dunƙule da biro ya ce akwai abin da bai gamsu da shi ba, sai shawara ta rabu a gida. Babban ɗa ya ce a sayar da sa a kai Baba Yamai a yi masa sikana, wato hoton injin nan da ke nuna cikin jiki yanka-yanka. Gwaggo ta ce ai tarin fuka ne, a je a karɓo maganin wata shida tunda kyauta ake bayarwa. Mai jikin kuma, da ya hango kuɗin da za a kashe, sai ya ce a bar shi sai an cire amfanin gona. Kowace shawara a cikinsu tana da majinyacin da ta dace da shi, tana kuma da wanda za ta cutar. A ganina, asarar da muka fi yi a nan Damagaram kan wannan al'amari daga rashin jera abubuwa take fitowa: a fara da mai tsada, a manta da mai arha wanda shi ne zai nuna hanya.

Kafin a auna hanyoyin, sai an san iyakar abin da hoton ke iya faɗa. Hasken da Bajamushen nan Wilhelm Röntgen ya gano a 1895 yana ratsa jiki ne ya bar inuwa a kan faranti. Iska ba ta tare shi, shi ya sa huhu mai lafiya ke fitowa baƙi. Ƙashi yana tare shi sosai, sai ya fito fari fat. Nama, ruwa, jini da mugunya kuwa kusan launi ɗaya suke bayarwa. Saboda haka ƙarin ciwon daji, da maruru mai mugunya, da jakar ruwa, da jijiyar jini da ta kumbura, duk suna iya fitowa da fuska ɗaya a radiyo, wato wannan hoton ƙirji da aka saba ɗauka. Kamar mutum ne ya tsaya a bakin zaure rana na bayansa: kana ganin tsawonsa da kaurinsa, amma sai ya yi sallama za ka san ko ɗan gida ne ko baƙo.

Duk da haka inuwar tana ba da labari ga wanda ya iya karanta ta. Girma ne abu na farko. Likitoci sun ja layi a santimita 3: abin da bai kai haka ba ɗan ƙullutu ne, kuma da yawansu tabon tsohuwar cuta ne, abin da ya wuce santimita 3 a huhun babban mutum kuwa ana ɗaukarsa da zargin ciwon daji har sai an tabbatar da akasin haka. Sai gefensa. Mai santsi, zagayayye, ya fi kwantar da hankali fiye da mai tsinke-tsinke da ke miƙa ƙafafu cikin naman huhu. Idan tsakiyarsa ta yi fari irin na ƙashi, alama ce ta tsohon ciwon da jiki ya daɗe da rufewa. Idan akwai kogo a cikinsa, ana duba kaurin bangon kogon: siriri wanda bai kai milimita 4 ba galibi ba daji ba ne, mai kauri fiye da milimita 15 da ciki mai gargada galibi abin tsoro ne, kodayake tarin fuka da maruru su ma suna yin kogo. Sannan wurin da yake. Idan farin ya shafe gefen zuciya har ba a ganin iyakarta, yana nan gaba jingine da ita. Idan ana ganin gefen zuciya tsaf ta cikinsa, yana baya. Likitan hoto na Amurka Benjamin Felson ne ya fito da wannan dabara fili a 1950, kuma har yau da ita ake aiki.

Abubuwan da ba sa cin kuɗi

Akwai aiki uku da ya kamata a gama kafin a yi maganar mota ko sayar da dabba, kuma abin takaici ne yadda ake tsallake su.

Na farko, a tabbatar abin a cikin ƙirjin yake. Laya da aka ɗaura a wuya ko aka ɗinke cikin riga, maɓalli, sarƙa, jelar kitso da ta sauko kan kafaɗa, kan nono, wani ƙullutu a fata, tsohuwar karayar haƙarƙari da ta warke da gudaji, dukkansu suna barin inuwa mai kama da ciwo. Dattijo yakan ji nauyin cire layarsa a gaban ma'aikaci, mace takan ji kunyar faɗin cewa akwai abin da ta ɗaura a jiki, sai a ɗauki hoto a haka. Ɗan da ya rako mahaifinsa shi ne zai matso ya ce, "Baba, a ba ni in riƙe maka har a gama." Yadda aka ɗauki hoton ma yana da tasiri. Hoto mai kyau shi ne wanda mutum ya tsaya, ƙirjinsa manne da faranti, ya ja numfashi ya riƙe. Wanda aka ɗauka a kwance, ko aka ɗauka mutum ya karkace, yana faɗaɗa zuciya da tsakiyar ƙirji har a ga kamar akwai ƙari alhali babu. Ga jarirai kuma akwai wani ɗan nama a bayan ƙashin ƙirji da ake haihuwar kowa da shi, yana da girma a shekarun farko sannan ya motse. Ya sha tsorata iyaye a banza.

Na biyu, a ɗauki hoto ta gefe. Hoton gaba kawai ba ya nuna ko abu yana kusa da nono ko yana kusa da ƙashin baya. Na gefe yana raba wannan gardama, yana kuma tona abin da ya ɓuya a bayan zuciya. Kuɗinsa bai kusa da na sikana ba, kuma a inji ɗaya ake yinsa.

Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, a nemo tsohon hoto. Wanda ya taɓa yin radiyo don aikin hajji, ko neman aiki, ko wani tari na shekarun baya, ya tona akwati ya fito da shi. Dunƙulen da ya shekara biyu bai ƙaru ba, kusan ko da yaushe ba daji ba ne. Wanda babu shi makonni uku da suka wuce yau kuma ga shi ƙato, ya fi kama da ciwon ƙwayoyin cuta, domin daji ba ya gudu haka. Ciwon dajin huhu yakan ninka girmansa ne tsakanin wata ɗaya zuwa shekara ɗaya da ɗan kai. A lura da wani abu a nan: ninkawa ba ya nufin faɗinsa ya ninka a ido. Ƙullutu mai santimita 2 da ya koma 2.5, nauyinsa ya kusa ninkawa, ko da yake mai kallo zai ce ai bai canja ba. Shi ya sa ake aunawa da ma'auni, ba da ido ba. Tsohon hoto da aka ajiye a ambulan ɗinsa, ba a naɗe shi ba, ba a bar shi a zafin rana ba, yana iya tanada wa gida kuɗin tafiya Yamai gaba ɗaya.

Gwajin kaki da maganin wata shida

A ƙasa irin tamu, duk wanda hoton ƙirjinsa ya nuna wani abu, ko yana tari ko ba ya yi, a nemi kakinsa a yi masa gwajin tarin fuka. Wannan ba zaɓi ba ne da za a sa a sikeli da sauran. Shi ne ƙofar shiga. Injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, yana ba da sakamako cikin kamar awa biyu bayan an sa kakin, yana kuma faɗin ko ƙwayar cutar tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka, ko ta bijire masa. Ya fi duban madubin likita kaifi nesa ba kusa ba. A haɗa da gwajin cutar sida, ba don zargi ba, sai don amsar tana canja yadda likita zai karanta hoton baki ɗaya.

Idan kaki ya nuna tarin fuka, hanya ta miƙe: wata biyu ana shan magunguna huɗu, wata huɗu ana shan biyu, kuma maganin kyauta ne a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da cutar. A wannan hali, tafiya sikana tun farko ɓarnar kuɗi ce ga yawancin mutane. Sharaɗi ɗaya nake ƙarawa. Idan dunƙulen babba ne, mai shi kuma ya manyanta ko ya daɗe yana shan taba, a sake hoto bayan wata biyu ana magani, domin tarin fuka da ciwon daji suna iya zama a huhu ɗaya, kuma ganin na farkon ba ya kore na biyun.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne idan kaki bai nuna komai ba amma aka ce a gwada maganin a gani. Ba zan ce wannan kuskure ne a kowane lokaci ba. Gwajin kaki yana iya rasa cutar, musamman ga yara da ba su iya fitar da kaki, da masu cutar sida, da waɗanda tarin fukar ya zauna musu a kaluluwa ko ƙashin baya ba a cikin huhu ba. Likita mai hankali yakan fara magani a irin wannan hali, kuma yana da hujja. Amma gwaji dole ya zo da ranar dawowa. Mai tarin fuka da ya fara magani, cikin makonni kaɗan zazzaɓin dare ke sauka, abinci ya fara shiga, nauyi ya fara dawowa. Idan an kai wata biyu mutum yana ƙara ramewa, hoton kuma bai ragu ba, ci gaba da haɗiyar ƙwayoyi har wata shida ba haƙuri ba ne, jinkiri ne da ake biya da rai. Watannin nan su ne ke raba ƙarin da za a iya cirewa da wanda ya riga ya bazu. Magungunan kuma ba ruwan sha ba ne, suna iya taɓa hanta, ɗaya daga cikinsu yana iya taɓa gani. Don haka duk wanda aka ɗora wa maganin ba tare da kaki ya tabbatar ba, ya tambaya tun ranar farko: "Likita, yaushe zan dawo a sake hoto, kuma idan bai ragu ba me za a yi?" Babu rashin ladabi a wannan tambaya.

Akwai magunguna biyu na kasuwa da ke ɓata bincike, kuma ina roƙon a nisance su a wannan tsakanin. Sifurofuloksasin da danginsa suna danne ƙwayar tarin fuka na ɗan lokaci, mutum ya ji sauƙi, kaki ya fito babu komai, cutar kuwa tana nan tana koyon bijirewa. Deksametazon da firedinizolon, waɗanda wasu ke sha don ƙiba ko don numfashi, suna motsar da ciwon dajin kaluluwa na ɗan lokaci har idan an ɗebi nama a kasa gane shi, sannan suna buɗe wa tarin fuka hanya.

Jira

Jira yana da wurinsa, kuma ƙarami ne. Matashi ko yaro da ya kwana biyar yana zazzaɓi da tari da ciwon haƙarƙari, hoto ya nuna farin zagaye, kaki babu tarin fuka: wannan ya fi kama da nimoniya, wadda a yara ƙanana takan fito a dunƙule kamar ƙari. A ba shi magani irin su amoksisilin, a sake hoto bayan kamar mako shida. Mai ciwon zuciya da ƙafafunsa suka kumbura, ruwa yakan taru a tsagin da ke tsakanin sassan huhu ya yi siffar ƙwai. Idan aka ba shi maganin fitar da ruwa sai "ƙarin" ya ɓace. Ɗan ƙullutu mai santsi, mai farin tsakiya, a jikin wanda bai taɓa shan taba ba kuma ba ya jin komai, ana iya bibiyarsa da hoto a lokutan da likita ya tsara.

Jira irin wannan yana da rana a rubuce a takarda. Wanda ba shi da rana, "sai bayan kaka", "sai bayan salla", wani abu ne daban. Mutumin da ya haura shekara 40, yana shan taba ko ya daɗe da sha, ga dunƙule fiye da santimita 3, ga rama, ko tofar da jini, ko yatsu da suka yi kan ganga, bai da abin jira. Wasu alamomi kuwa na ranar nan ne ba na gobe ba: fuska da wuya su kumbura da safe jijiyoyin wuya su taso, murya ta dushe ta ƙi dawowa, abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, numfashi ya riƙa fita da ƙara, mutum ya kasa kwanciya rigingine, ko ya tofar da jini mai yawa. Wannan a kai shi Babban Asibitin Zinder nan take, ko daga Mirya yake, ko Magarya, ko Tanut, ko Gure.

Sikana: abin da take saya maka da abin da ba ta saya

Sikana ita ma da hasken radiyo take aiki, sai dai tana zagaya jiki ne ta fitar da shi yanka-yanka, babu abin da ke ɓuya a bayan wani. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majinyaci a Landan a 1971, ya kuma samu kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Tana ganin ƙullutu na milimita kaɗan wanda radiyo ba ta gani. Tana bambance kitse da ruwa da nama da ƙashi. Idan aka sa ruwan allura mai ayodin a jijiya, tana raba jijiyar jini da ƙari, ta nuna kaluluwar tsakiyar ƙirji, ta leƙa hanta da ke ƙasa. Da ita ake sanin ko abu zai ciru, da kuma ta ina allura za ta shiga lafiya.

Darajarta ta fi fitowa idan dunƙulen yana tsakiyar ƙirji, wato filin da ke tsakanin huhun dama da na hagu. A gaban wannan fili akan samu maƙoƙo da ya nutse daga wuya ya shige bayan ƙashin ƙirji yana ture maƙogwaro gefe, ko dajin kaluluwa, wanda yakan kama matasa kuma yana cikin masu jin magani idan an kama shi da wuri. A tsakiya akan samu kaluluwar tarin fuka, ko babbar jijiyar jini da ta kumbura, musamman ga mai tsohon hawan jini. A baya kuma akan samu ƙarin jijiyoyin laka, ko mugunyar tarin fukar ƙashin baya. Maganin waɗannan ya sha bamban ƙwarai, radiyo kuwa ba ta iya raba su. Mai irin wannan hoto, idan kakinsa bai nuna komai ba, kuɗin sikana a wurinsa ba asara ba ne ko da za a ci bashi.

Akwai mutane iri biyu a yankinmu da nake so a riƙa tunawa da su. Na farko masu hulɗa da karnuka da tumaki da raƙuma, makiyaya da mahauta. Akwai tsutsar da ke zaune a hanjin kare, ƙwanta ya shiga cikin mutum ta abinci ko hannu, ya yi jakar ruwa a hanta ko a huhu; mahauta sun san irinta a huhun dabba. A radiyo takan fito zagayayya sumul. Idan aka ɗauka ƙari ce aka soka mata allura, ruwanta na iya fashewa cikin ƙirji ya jefa mutum cikin haɗari nan take, ya kuma shuka wasu jakunkunan. Na biyu su ne samarinmu da suka tafi haƙar zinariya Jado tun 2014 da sauran ramukan arewa, da masu fasa dutse. Ƙurar dutse tana taruwa a huhu, bayan shekaru ta haɗe ta yi manyan dunƙulaye a saman huhun biyu, masu kama da daji, kuma mai ita ya fi kowa saurin kamuwa da tarin fuka. Duk wanda ya yi wannan aiki ya faɗa wa likita ko ba a tambaye shi ba, da yawan shekarun da ya yi a rami, domin wannan magana kaɗai tana iya sauya fassarar hoton.

Nauyin sikana kuma ga shi. Tana da tsada ninki da yawa a kan radiyo. Haskenta ya fi yawa: hoton ƙirji na radiyo bai wuce milisibat 0.1 ba (milisibat shi ne ma'aunin irin wannan haske), kwatankwacin abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kwana goma, sikanar ƙirji kuwa tana kai 6 zuwa 7, kwatankwacin shekara biyu ko fiye. Ga dattijo mai ƙaton dunƙule wannan ba abin dubawa ba ne. Ga yaro ko mace mai ciki sai an yi tunani, kuma mace ta faɗi ko da tana zaton ciki ne kawai. Ruwan allurar yana buƙatar ƙoda mai lafiya, don haka a yi gwajin jinin ƙoda kafin ranar, mai ciwon suga da ke shan metformin kuma ya sanar. Sannan abu mafi muhimmanci: sikana ma hoto ce. Tana cewa wannan ya yi kama da daji ƙwarai. Ba ta iya cewa daji ne, balle ta faɗi irinsa. Gida da ya ƙarar da komai a kan sikana bai bar kuɗin mataki na gaba ba, ya tsaya a tsakiyar hanya.

Eko, wato irin hoton da ake yi wa mai ciki a ga jariri, ba ta ganin abin da ke tsakiyar huhu, domin iska na tare ta. Amma idan farin yana jingine da haƙarƙari, ko ana zaton ruwa ne ya taru, tana da arha, ba ta da hasken da ke cutarwa, kuma nan take take faɗin ko ruwa ne ko nama. Leƙa hanta da ita yana da amfani ga wanda ake zargin jakar tsutsar kare. IRM kuwa, wato hoton da ake ɗauka da injin maganaɗisu, ba ta huhu ba ce. Wurinta shi ne idan ciwon yana jikin ƙashin baya.

Ɗibar nama

Sunan ciwon yana fitowa ne daga ɗan naman da aka ɗiba aka duba a madubi. Mutanenmu da yawa suna tsoron wannan, ana cewa idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne yawanci ba a zuwa sai ciwon ya riga ya yi nisa, sai a ɗora laifin a kan allura. Ba a ba mutum maganin daji a kan zato, domin maganin dajin kaluluwa daban, na dajin huhu daban, kuma abin da aka ɗauka daji ne yakan fito tarin fuka.

Dabarar ita ce a ɗiba daga wuri mafi sauƙi. Kafin a yi maganar shiga ƙirji, likita ya lalubi wuya, da ramin da ke saman ƙashin kafaɗa ta gaba, da hammata. Kaluluwa ɗaya mai tauri a can, wadda za a cire da allurar kashe zafi, tana iya ba da amsar da ake nema ba tare da an taɓa huhu ba. Idan akwai ruwa a ƙirji, a ja a gwada. Sai idan babu waɗannan ne ake zura siririn bututu mai fitila ta hanci zuwa hanyoyin iska, idan dunƙulen yana kusa da tsakiya, ko a soka allura ta tsakanin haƙarƙari idan yana gefe. Haɗarin wannan na ƙarshe shi ne iska ta shiga tsakanin huhu da bangon ƙirji. Sau da yawa takan baje da kanta, wani lokaci sai an sa bututu. Shi ya sa ba a soka wa dunƙulen cikin ƙirji allura sai an tabbatar ba jijiyar jini ba ce, ba kuma jakar tsutsa ba. Naman da aka ɗiba a raba shi biyu, wani don madubi, wani don gwajin tarin fuka.

Yamai ko Kano

Idan abin ya kai ga tafiya, gardama ta gaba ita ce ina za a nufa. Kano tana kusa, kilomita ɗari biyu da ƴan kai ta Matamai da Daura, harshe ɗaya, kusan kowa yana da ɗan'uwa ko abokin kasuwanci da zai sauke shi, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wuraren ɗaukar hoto masu zaman kansu. Yamai kuwa kusan kilomita 900 ce, wuni guda cur a mota ta Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, tafiyar da ke wahalar da mai lafiya balle mai numfashi sama-sama.

Ni dai ina kallon abin ta inda za a ƙare. Idan hoto kawai ake nema a dawo da shi wa likitan da ya tura, kusa ya fi, kuma kafin a tsallaka iyaka ma a tambayi likitan ko za a iya yin sikanar a nan gida. Amma idan alamu sun nuna za a daɗe ana magani, ɗibar nama, sannan ruwan maganin daji ko gashin daji da haske, ya fi kyau a fara a inda za a ci gaba. A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji, wadda ta fara gashin daji da haske a 2021, ga manyan asibitocin ƙasa, kuma takardunsu da Faransanci suke, harshen da likitan da zai ci gaba da duba mutum a Zinder yake aiki da shi. Takardun Kano da Turancin Ingilishi suke zuwa, kuɗin kuma sai an canja zuwa naira. Abin da ya fi kowanne muni shi ne rarraba ƙafa: sikana a wani gari, ɗibar nama a wani, magani a na uku, kowane likita ya ce a sake daga farko domin bai ga abin da na baya ya gani ba.

A lissafin kuɗi a sa na mai rakiya, da abinci, da masauki, da jiran sakamakon nama wanda yakan ɗauki makonni, da zuwa na biyu. Kada a tashi sai da takardar turawa daga likita mai bayanin abin da ake nema, da sakamakon kaki, da na jinin ƙoda, da duk hotunan da aka taɓa yi, tsoho da sabo. A wurin sikana a nemi a ba da hotunan kansu a faifai, ba takardar bayani kaɗai ba, domin likitan gaba zai so ya gani da idonsa. Wanda zai aika hoton radiyo ta WhatsApp don neman shawara kafin tafiya, ya ɗora shi a kan farin haske na bai ɗaya, ba a jikin taga mai itace a bayanta ba, ya kashe fitilar wayar, ya ɗauko hoton duka har da kusurwar da ke nuna dama da hagu da kwanan wata, sannan ya aika shi a matsayin fayil don kada ya dushe. Ya rubuta shekarun majinyacin, da sana'arsa, da ko yana shan taba, da tsawon lokacin da ya yi yana ciwon.